LAFIYA UWAR JIKI: Allurar Baya, Abin Da Take Yi Da Abin Da Ba Ta Yi

A kowace tashar manyan motoci, tun daga Ikko har Maiduguri, ba a rasa direban da in ya sauko daga mota sai ya dafe ƙugu ya jima a tsaye kafin ya iya miƙewa sosai. Haka abin yake a gona bayan an gama huɗa, da bakin kasuwa wurin 'yan dako, da tsakar gida inda mace ta wuni a duƙe tana wanki, har ma da ofis inda akawu ya wuni bisa kujera. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce basir ne, wani kuwa ya ɗora wa tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a duniya, ana kuma tsammanin za su kai miliyan 843 nan da 2050, kuma babu wata cuta da ta kai shi hana mutane aiki.

Daga cikin masu wannan ciwo akwai waɗanda in sun je babban asibiti likita kan ce musu za a yi musu allura a baya. Da jin haka sai su rabu gida biyu. Kashi na farko su ne masu cewa allurar baya tana shanye ƙafafu, su fita asibiti ba su ƙara waiwayensa ba. Kashi na biyu kuwa su ne masu zaton an samo musu maganin da zai raba su da ciwon har abada, wani har ya sayar da dabbarsa ko ya jinginar da gona don ya biya. Dukansu sun yi kuskure, kuma kuskuren yana da tsada. Saboda haka wannan fili zai bayyana abin da allurar take, da wanda take yi wa amfani, da inda iyakarta ta tsaya.

YADDA ƘUGU YAKE

Ƙashin gadon baya gaɓoɓi 33 ne a jere, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sa'an nan 5 da suka haɗe suka zama ƙashi guda a tsatso, da 4 ƙanana a can ƙarshe. Biyar ɗin nan na ƙugu su ne mafi girma, domin su ke ɗauke da nauyin jiki. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai wani faifai na guringuntsi, bayansa da tauri, cikinsa da taushi, wanda ke aiki kamar gammo. Ta tsakiyar gaɓoɓin kuwa akwai rami dogo wanda laka ke bi, tana lulluɓe da tantani da ruwa a cikinsa. A jikin babban mutum laka kan ƙare a daidai gaɓa ta ɗaya ko ta biyu ta ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa sai jijiyoyi zalla a zube kamar jelar doki, kowace tana fita ta wata 'yar kafa a gefen ƙashi ta nufi ƙafa.

To, idan faifan nan ya tsage, abin da ke cikinsa ya bulluƙo, sai ya danne jijiyar da ke wucewa kusa da shi, ya kuma sa ta kumbura. Likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Mixter da Barr, su ne suka tabbatar da wannan a cikin 1934. Galibi abin kan faru ne a faifai biyu na can ƙasa, inda jijiyoyin da ke haɗuwa su zama babbar jijiyar ƙafa suke fitowa. Shi ya sa mai irin wannan ciwo kan ji shi kamar wutar lantarki, ya taso daga mazaunai, ya bi bayan cinya, ya sauka sha-raɓa, har babban yatsa, wani lokaci da sagewar ƙafa ko jin kamar tafiyar kiyashi. Ciwon a ƙafa ake jinsa, amma tushensa yana ƙugu.

Sai dai ya kamata a lura, wannan ba shi ne ciwon yawancin mutane ba. Kimanin kashi 90 cikin 100 na masu ciwon kwankwaso ba a samun wani wuri guda da za a nuna a ce ga inda ciwon yake, kuma mafi yawansu kan sami sauƙi cikin 'yan makonni. Hoton asibiti ma yana iya ruɗin mutum. A cikin 1994 an ɗauki hoton bayan mutum 98 a Amurka da na'urar MRI, dukansu lafiyayyu waɗanda ba su jin ciwon kome, sai aka tarar fiye da rabinsu suna da faifan da ya ɗan bulluƙo. Watau ganin abu a hoto bai isa ya zama dalilin yin allura ba, sai in abin da hoto ya nuna ya dace da abin da mai ciwo ke ji.

ASALIN ALLURAR

Wannan dabara ta haura shekara ɗari. A cikin 1884 wani likita a birnin Biyana, Carl Koller, ya gano cewa ɗigon ruwan koken yana kashe zafi a ido har a yi aiki mutum bai ji ba. Shekara guda bayan haka James Corning na birnin Niyok ya gwada zuba shi tsakanin gaɓoɓin bayan kare, daga bisani ya gwada a kan mutum. A watan Agusta na 1898 August Bier, likitan fiɗa a garin Kiel na ƙasar Jamus, ya zuba maganin cikin ruwan da ke kewaye da laka, ya yi wa majiyyaci aiki a ƙafa yana farke. Daga baya shi da mataimakinsa suka gwada a kan junansu, har aka riƙa buga wa mataimakin guduma a ƙwauri bai ji ba. Amma washegari dukansu suka tashi da matsanancin ciwon kai, Bier kansa sai da ya yi kwana 9 a kwance.

A cikin 1901 wasu likitoci biyu a Faris, Sicard da Cathelin, kowa da nasa binciken, suka nuna cewa ana iya zuba magani a wajen tantanin ba tare da an huda shi ba, ta wata kafa da ke ƙarshen ƙashin tsatso. Fidel Pagés, likitan soja a ƙasar Sifen, ya bayyana yadda za a shiga wannan sarari ta ƙugu a cikin 1921, amma ya rasu a haɗarin mota a 1923, sai da wani likitan Italiya, Dogliotti, ya sake fito da dabarar a farkon shekarun 1930 kana ta bazu. An bar koken saboda gubarsa da kama jiki da yake yi. Lidoken, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943, yana cikin waɗanda suka gaje shi. A farkon shekarun 1950 ne likitoci a Italiya da Faransa suka fara zuba maganin rage kumburi, watau sitiroyid, a gindin jijiya. Haɗin nan biyu, mai kashe zafi da mai rage kumburi, shi ne allurar baya ta yau.

IRE-IRENTA DA YADDA AKE YIN TA

Ba iri ɗaya ba ce. Ta farko ita ce wadda ake zuba magani a sararin da ke tsakanin tantanin laka da ƙashi, domin ya wanke gindin jijiyoyin da suka kumbura. Ana shiga ta tsakiyar baya, ko ta kafar gefe inda jijiya ke fita, ko ta ƙarshen tsatso. Ta biyu ita ce wadda ake nufar jijiya guda tak da ɗan magani kaɗan. Wannan sau da yawa tambaya ce likita ke yi wa jiki: in ciwon ya ɗauke na 'yan sa'o'i, to an gane ita ce mai laifin, kuma in ta kai ga fiɗa an san inda za a buɗe. Ta uku ta shafi wasu ƙananan mahaɗai da ke bayan kowace gaɓa, waɗanda kan lalace da shekaru kamar yadda gwiwa ke yi. Akan sa wa 'yan siraran jijiyoyin da ke ɗauko zafi daga mahaɗan maganin kashe zafi. In mutum ya ji sauƙi sosai, sai a dawo wata rana a ƙona su da wata allura mai ɗumama baki zuwa wajen digiri 80. Sauƙin kan kai watanni, wani lokaci shekara, amma jijiyar kan sake tsirowa. Akwai kuma wadda ake yi a mahaɗin tsatso da ƙashin ƙugu.

Likitan sa barci wanda ya ƙware a kan ciwo, ko likitan ƙashi, ko na hoto, shi ke yin ta, a ɗaki mai tsabta irin ta ɗakin fiɗa. Mai ciwo kan kwanta rub da ciki, a wanke bayansa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kashe zafin fata, sa'an nan a tura allura siririya a hankali ana kallon tafiyarta a allon na'urar hoto. Kafin a zuba magani akan fara zuba wani ruwa mai fitowa a hoto, don a tabbata bakin allura bai faɗa cikin hanyar jini ko cikin ruwan laka ba. Duka aikin bai cika wuce minti 15 zuwa 30 ba, kuma mutum kan koma gida a ranar, sai dai ba zai tuƙa mota ba domin ƙafa kan yi nauyi na ɗan lokaci. Maganin kashe zafi kan kama nan take ya saki bayan 'yan sa'o'i, ciwo ya dawo. Mai rage kumburi kuwa sai bayan kwana 2 zuwa mako guda yake fara aiki. Wanda ba a gaya wa haka ba sai ya yi zaton allurar ta ɓaci.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Allurar ba ta mayar da faifai wurinsa, ba ta ɗinke shi, ba ta kuma faɗaɗa ramin da ya tsuke. Abin da take yi shi ne kwantar da kumburi na wani lokaci. Ga mai ciwon da ke sauka ƙafa saboda faifai, gwaje-gwaje da yawa sun nuna cewa tana rage zafin ƙafa kaɗan zuwa matsakaici na 'yan makonni, har wajen wata 3, amma bayan shekara guda babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba. Dalili kuwa shi ne jiki da kansa kan tsotse abin da ya bulluƙo, mafi yawan masu wannan ciwo kan warke cikin mako 6 zuwa 12. Amfanin allurar ke nan: ta ba mutumin da ya kasa barci, ya kasa tsayuwa, damar ya tashi ya yi tafiya ya je gashi, kafin jiki ya gama nasa gyaran. Ga magidancin da abincin gidansa ke rataye da fitarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga sauran ire-iren ciwon baya kuwa labarin ya sha bamban. A cikin 2014 an gwada mutum 400 a Amurka masu tsukewar ramin laka, irin wadda ke sa tsofaffi su kasa doguwar tafiya. Rabinsu aka ba su lidoken haɗe da sitiroyid, rabi kuwa lidoken kaɗai, bayan mako 6 bambancin da aka samu bai taka kara ya karya ba. A cikin 2016 hukumar NICE, wadda ke tsara ka'idojin magani a Ingila, ta ce kada a yi allurar baya don ciwon kwankwaso zalla, amma ana iya yin ta ga mai sabon ciwo mai tsanani da ke sauka ƙafa. A watan Fabrairu na 2025 kuma wani kwamitin masana ya buga a mujallar likitoci ta BMJ cewa bai goyi bayan waɗannan allurai ga ciwon bayan da ya wuce wata 3 ba, in dai ba na ciwon daji ba ne. Likitocin da ke yin allurar da yawa sun ja da wannan hukunci, suna cewa in an zaɓi majiyyaci da kyau ana ganin amfani. Gardamar ba ta ƙare ba, amma babu ɓangaren da ya ce allurar tana warkar da ciwon daga tushe.

HAƊARINTA

Tsoron da jama'a ke yi na shanyewar ƙafafu yana da tushe, sai dai an kambama shi. Abin da aka fi gani shi ne ɗan ciwo a wurin da aka soka, da zafin fuska, da rashin barci na dare ɗaya ko biyu. Mai ciwon sukari kan ga sukarinsa ya hau na 'yan kwanaki, don haka tilas ya faɗa tun kafin a fara. In allura ta huda tantani akan sami ciwon kai irin na Bier, mai tsananta in an zauna, mai sauƙi in an kwanta, kuma ana maganinsa. Manyan haɗurra, watau zubar jini ko ruɓa a kusa da laka, da lahanin jijiya, ba safai suke faruwa ba, amma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a watan Afrilu na 2014, ta ambaci makanta da shanyewar jiki har da mutuwa. Shi ya sa mai shan maganin tsinka jini, da mai ciki, da mai zazzaɓi ko ƙurji a baya, dole likita ya san halinsu. Yawan sitiroyid kuma yana rage ƙarfin ƙashi, don haka likitoci ba su cika wuce sau 3 ko 4 a shekara ba.

Tsabtar maganin ita ce uwa uba. A cikin 2012 wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Massachusetts ta Amurka ya rarraba sitiroyid wanda funfuna ta shiga, aka yi wa dubban mutane allura da shi, mutum 753 suka kamu da cuta a jihohi 20, da yawansu sanƙarau, 64 suka mutu. In haka ta faru a ƙasar da ke da tsaurin dokar magani, to mai karatu ya auna abin da zai biyo baya in aka bar wanda bai ƙware ba ya soka allura a baya da maganin da ba a san inda ya fito ba. Garin neman gira kada a rasa ido. Ko allurar mazaunai ma da ake yi a kemis, in an soka ta ba daidai ba takan sami babbar jijiyar ƙafa, kuma likitoci a Nijeriya sun sha ba da rahoton yaran da ƙafarsu ta saki ta wannan hanya.

Akwai wata allurar baya dabam wadda mata suka fi sani, watau wadda ake yi don kashe rabin jiki in za a ciro jariri ta hanyar fiɗa, ko don rage zafin naƙuda. Mata da yawa kan ɗora mata alhakin ciwon bayan da ke damunsu shekara da shekaru. Binciken da aka yi a kan allurar naƙuda bai nuna tana ƙara ciwon baya mai daɗewa ba. Wurin kan yi tsami na 'yan kwanaki ya wuce. Ɗaukar ciki kansa, da goyo, da aikin duƙe, sun isa su jawo ciwon. Bai kamata wannan tsoro ya sa mace ta ƙi aikin da zai ceci ranta da na ɗanta ba.

WANDA BA ALLURA YAKE BUKATA BA

Akwai alamun da in sun bayyana ba maganar allura ake yi ba, ba kuma ta ƙaho ko sakiya ba. Wanda fitsari ya ƙi fita ko yake zubo masa bai sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce masa, ko tsakanin cinyoyinsa da mazaunansa suka sage, ko ƙafafunsa ke ƙara rauni kullum, to a kai shi babban asibiti a ranar, domin jelar dokin nan ce aka danne, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barinsa da lahani na har abada. Haka nan mai ciwon baya da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, a binciki tarin fuka, domin yana cin ƙashin baya har ya bar mutum da ƙusumbi, kuma a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne. Wanda ya taɓa ciwon daji, ko ya faɗo daga bisa, shi ma bincike yake bukata tukuna. Asibitocin ƙashi na Dala a Kano, da Igbobi a Ikko, da na Inugu, da asibitocin koyarwa na jami'o'i, su ne wuraren irin wannan bincike.

Sauran jama'a kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye, abin da ya fi yi musu amfani bai kai allura tsada ba. Kwanciya ta kwana da kwanaki tana ƙara ciwon. Tafiya a ƙasa, da motsa jiki bisa koyarwar masu gashi, da ci gaba da aiki gwargwadon iko, su suka fi. Ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 a kan ciwon kwankwaso mai daɗewa ta ƙarfafa waɗannan, ta kuma hana dogara ga ɗamarar ƙugu da ƙwayoyi masu sa maye. Wannan na ƙarshe ya shafi Nijeriya ƙwarai, gama binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 sun sha irin su tiramadol ba bisa umurnin likita ba, kuma masu aikin ƙarfi na cikin waɗanda ke shan sa don su danne ciwo da gajiya.

Saboda haka wanda aka ce za a yi wa allurar baya kada ya gudu, kada kuma ya miƙa baya ido rufe. Ya tambayi likita wace jijiya ake nufa, kuma mene ne ya nuna ita ce. Ko za a yi da na'urar hoto. Wane magani za a zuba. Sauƙin kwana nawa ake sa rai. Da abin da za a yi in ba ta yi aiki ba. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In allura ta farko ba ta yi kome ba, babu dalilin biyan kuɗin ta biyu da ta uku ba tare da an sake duba ciwon ba. In kuwa ta kawo sauƙi, to makonnin nan na sauƙi su ne lokacin zuwa gashi da ƙarfafa baya, ba lokacin komawa ɗaukar buhun hatsi ba.

Sai mako mai zuwa.